Zaɓen masauki ga shafin intanet mai yawan baƙi

Ƙungiyoyin manoma, gidajen rediyon karkara, makarantu da ma'aikatun gari da dama suna da shafinsu a intanet. Wasu suna sanya farashin gero da wake, wasu labarin damina, wasu kuma darussan karatu da sakamakon jarrabawa. Muddin masu ziyara ba su da yawa, komi yana tafiya daidai. Ranar da jama'a suka taru a kansa, sai shafin ya yi nauyi, ko ma ya ƙi buɗuwa. Sau da yawa matsalar tana fitowa ne daga wurin da aka ajiye shafin, watau masaukinsa.

Wannan bayani zai taimaka wa shugabannin ƙungiya da membobinta su gane abin da ake saye idan an ce an biya kuɗin masauki, su kuma san tambayoyin da ya kamata su yi kafin su sa hannu a takarda. Ba sai mutum ya zama masanin kwamfuta ba kafin ya fahimci waɗannan abubuwa.

1. Mi ake nufi da masauki?

Duk rubutu, hoto ko murya da kuke gani a wani shafi, a cikin wata kwamfuta suke ajiye. Wannan kwamfuta ba a kashe ta dare da rana, kuma kullum tana haɗe da intanet. Ita ce ake kira uwar garke. Idan mutum ya rubuta sunan shafi a wayarsa, wayar tana aika tambaya zuwa ga uwar garke, ita kuma ta aiko da abin da aka nema.

Wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙago tsarin shafukan intanet a shekara ta 1989, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. Shafin farko na duniya a cikin kwamfuta guda yake, a wurin aikinsa. An manna mata ƴar takarda da ke gargaɗin kada kowa ya kashe ta, domin in ta mutu, shafin ma ya mutu. Har yau haka abin yake, sai dai yanzu irin waɗannan na'urori dubbai ake tarawa a manyan gine-gine masu sanyi, da injinan wuta na ko-ta-kwana da masu gadi. Ana kiran irin wannan gini cibiyar ajiyar bayanai.

Kamfanin da ya mallaki na'urorin yana ba da hayar wuri a cikinsu. Wannan haya ita ce masauki. A takardun Faransanci za ku ga an rubuta hébergement. Aikin kamfanin ya yi kama da na fatoma a zamanin fataucin goro: shi ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Falken kirki ba ya sauka gidan da bai bincika ba, domin dukiyarsa duka a can za ta kwana.

2. Suna daban, masauki daban

Shafi yana buƙatar abu biyu: suna da masauki. Suna shi ne abin da mutane ke rubutawa don su iso gare ku. Sunayen da suka ƙare da .ne na ƙasar Nijar ne, masu .ng na Najeriya ne, masu .fr na Faransa. Akwai kuma irin su .org da .com waɗanda ba na wata ƙasa guda ba ne. Kowace uwar garke tana da lambarta, kuma akwai wani tsari da ke juya suna zuwa lamba, kamar yadda kuke taɓa sunan mutum a waya ita kuma ta kira lambarsa.

Ba a sayen suna har abada. Hayarsa ake biya shekara-shekara. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafin zai ɓace, bayan ɗan lokaci kuma wani zai iya ɗauke sunan.

Amfanin raba abubuwan biyu shi ne, in masauki bai yi muku ba, kuna iya kwashe kayanku ku koma wani kamfani, sunanku kuma yana nan yadda jama'a suka san shi. Saboda haka wajibi ne a yi rajistar suna da sunan ƙungiya. Ya sha faruwa cewa wani matashi mai ilimin kwamfuta ya buɗe wa ƙungiya shafi da sunansa da lambar wayarsa, daga baya ya tafi ci-rani ko suka ɓata da shugabanni, ƙungiya ta wayi gari ba ta da iko da shafinta.

3. Ire-iren masauki

Akwai manyan nau'o'i huɗu.

Na farko shi ne masaukin tarayya. A nan shafuka da yawa, wani lokaci ɗaruruwa, suna zaune a cikin uwar garke guda, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Shi ya fi araha, kuma kamfani ne ke kula da gyare-gyare. Aibinsa shi ne ƙarfin na'urar na kowa ne. In maƙwabcinku ya sami baƙi da yawa, ku ma za ku ji nauyi. In ku ne kuka cika cin ƙarfi, kamfani zai rage muku gudu ko ya dakatar da ku. Ya dace da sabon shafi mai baƙi kaɗan.

Na biyu shi ne wanda ake kira VPS. Uwar garke guda ce ake rarrabawa gida-gida, kowa da rabon da aka yanka masa na ƙarfi da wurin ajiya. Kamar sashe ne a cikin babban gida, mai ƙofarsa da makullinsa. Ya fi na tarayya tsada da ƙarfi. Amma a yawancin lokaci mai haya ne ke da alhakin tsara na'urar da tsaronta, sai dai in ya biya ƙarin kuɗi don kamfani ya ɗauki wannan aiki.

Na uku shi ne hayar uwar garke sukutum. Na'urar duka taku ce, babu mai raba ta da ku. Kuɗinta yana da yawa, kuma tana buƙatar ƙwararren ma'aikaci. Manyan hukumomi da jaridu ne suka fi buƙatarta.

Na huɗu shi ne wanda ake yi wa laƙabi da girgije. A nan ana haɗa ƙarfin na'urori da yawa, mai haya ya ɗebi gwargwadon buƙatarsa, a ƙara masa ranar cunkoso, a rage ranar da babu kowa. Ana biya daidai da abin da aka ci, kamar kuɗin ruwan famfo. Yana da amfani ga shafin da baƙinsa ke hawa da sauka, amma in ba a sa iyaka ba, takardar biya ta ƙarshen wata tana iya zuwa da abin da ba a zata ba.

Wasu sukan ce, mi zai hana mu ajiye kwamfutar a ofishinmu? Yana yiwuwa, amma a tuna da zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta. Na'urar tana son sanyi, da wuta marar yankewa, da layin intanet mai ƙarfi, da mai lura da ita ko da tsakar dare. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke iya ɗaukar wannan nauyi.

4. A auna kaya kafin a nemi abin ɗauka

Kafin a tambayi farashi, sai ƙungiya ta zauna ta auna buƙatarta. Abu uku ake aunawa.

Na ɗaya, wurin ajiya. Rubutu ba ya cin wuri sosai. Hoto ya fi shi ci, murya ta fi hoto, bidiyo kuma ya fi su duka. Gidan rediyon da ke son ajiye shirye-shiryensa na kowace rana yana buƙatar wuri fiye da ƙungiyar da ke rubuta farashin kasuwa kawai.

Na biyu, yawan bayanan da ke fita a wata. Ana lissafinsa da mega da giga, kamar yadda kuka saba a wayar salula. Giga 1 kimanin mega 1000 ne. Ga misali: a ce kowane fejin shafinku yana da nauyin mega 2, kowane baƙo kuma yana buɗe feji 5. Kenan mutum guda ya ja mega 10. In mutum 1000 suka zo a rana, an ja giga 10. A kwana 30 ya zama giga 300. Amma in aka rage girman hotuna har feji ya koma rabin mega, abin da zai fita a wata giga 75 ne kacal. Wannan ragi yana sauƙaƙa wa ƙungiya kuɗin masauki, yana kuma rage wa mai karatu na ƙauye kuɗin da yake zuba wa wayarsa.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, yawan mutanen da ke shiga a lokaci guda. Rijiya tana iya shayar da mutum 1000 daga safe zuwa dare ba tare da rigima ba. Amma in mutum 300 suka zo tare da guga a hannu, aiki ya tsaya. Haka uwar garke take. Don haka a yi lissafi da ranar da ta fi cunkoso, kamar ranar fitar da sakamakon jarrabawa, ko ranar buɗe rajistar taki da iri.

A lura kuma da irin aikin da baƙi ke yi. Shafin da ake karantawa kawai ba shi da nauyi, domin na'ura tana iya shirya feji sau ɗaya ta riƙa miƙa wa kowa. Shafin da mutane ke shiga da sunansu, su yi rubutu, su nemi wani abu a cikin tsofaffin bayanai, ya fi wahalar da na'ura, domin kowace tambaya sai an shiga rumbun bayanai an nemo amsarta. Irin wannan shafi ne ke saurin fin ƙarfin masaukin tarayya.

Shawara a nan ita ce a fara da abin da ya isa buƙatar yau da ɗan rara, a wurin kamfanin da zai bari a ƙara girma cikin sauƙi ba tare da an rufe shafi kwana da kwanaki ba.

5. Alkawarin kashi 99 cikin 100

Kamfanoni suna yin alkawarin cewa shafi zai kasance a buɗe kashi kaza cikin 100 na lokaci. Waɗannan lambobi suna kama da juna a ido, amma akwai tazara tsakaninsu. Shekara tana da awa 8760.

Kashi 99 yana nufin shafi zai iya rufuwa kwana 3 da awa 15 a shekara.
Kashi 99,9 yana nufin kimanin awa 8 da minti 45.
Kashi 99,99 yana nufin kimanin minti 53.

A tambaya ko alkawarin yana rubuce a cikin yarjejeniya, da abin da kamfani zai biya in ya saɓa. Yawanci diyyar ba ta wuce ragin kuɗin haya na watan ba. Kamfani ba zai biya asarar da ƙungiya ta yi ba.

Akwai kuma kalmar "ba iyaka" da ake yawan sanyawa a talla. Babu na'urar da ba ta da iyaka. In an karanta yarjejeniya da kyau, za a tarar da sharaɗin da ya ba kamfani damar taƙaita wanda ya ci ƙarfi da yawa.

6. A wace ƙasa na'urar take?

Yawancin bayanan da ke yawo tsakanin nahiyoyi suna bi ne ta manyan igiyoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Nijar ba ta da bakin teku, don haka tana samun hanya ta ƙasashen maƙwabta, inda igiyoyin ke fitowa a birane irin su Kwatano da Legas. A watan Yuli na 2009 igiyar SAT-3 ta lalace, intanet ya yi rauni ƙwarai a Benin, Togo, Nijar da Najeriya. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyi huɗu suka samu matsala a tekun da ke gaban Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahalar sadarwa.

Ga abin da wannan ke nufi ga mai zaɓen masauki. In na'urar tana Turai, duk tambayar da mutumin Maraɗi ko Damagaram ya aika sai ta je can ta dawo, kuma ranar da igiya ta tsinke shafin zai yi wuyar samu. In tana cikin ƙasa, hanya ta fi gajarta, kuma shafin zai iya ci gaba da buɗuwa ga mutanen gida, in dai kamfanonin waya suna haɗe da juna a cikin ƙasar. A ɗaya gefen, manyan cibiyoyin waje sukan fi araha, sun kuma fi samun tsayayyar wuta. Akwai kuma manyan cibiyoyi a cikin Afirka, kamar a Legas da Afirka ta Kudu.

Hanyar yanke shawara ita ce gwaji. A roƙi kamfani ya nuna wani shafi da ke zaune a wurinsa. A buɗe shi da wayoyi masu layi daban-daban, a birni da ƙauye, da safe da kuma bayan sallar isha lokacin da jama'a suka fi yawa a kan layi. In kuma yawancin masu karatunku ƴan ci-rani ne da ke Gana, Kodebuwa ko Libiya, sai a sa wasunsu su ma su gwada.

7. Kwafin ajiya

A daren 9 zuwa 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani kuma ya taɓu. Miliyoyin shafuka suka tsaya. Waɗanda ke da kwafin kayansu a wani wuri sun tashi cikin ƴan kwanaki. Wasu kuwa kwafinsu yana cikin wurin da ya ƙone, suka rasa aikin shekaru. Wannan ya faru ne ga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin masauki na Turai.

Manomi ya san dalilin da ya sa ake gina rumbu nesa da ɗakin girki, ake kuma ɓoye iri dabam da hatsin ci. Masana suna ba da shawarar a riƙe kwafi uku na bayanai, a cikin ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. Ga ƙungiya, wannan yana nufin: shafin kansa, da kwafin da kamfani ke yi, da kwafin da ƙungiya ke saukewa ta ajiye a hannunta. Shafin da ake ƙara wa bayani kullum yana buƙatar kwafi kullum. Lokaci-lokaci kuma a gwada maido da shafin daga kwafi, domin a tabbatar kwafin yana aiki.

8. Haruffan Hausa, tsaro da sirrin jama'a

Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In ba a tsara rumbun bayanai da kyau ba, sai su koma alamar tambaya ko ƴan akwatuna. Mai koyon karatu da ya sha wahala kafin ya bambanta "kafa" da "ƙafa" bai cancanci a ruɗa shi ba. A tabbatar an sa tsarin rubutu mai suna UTF-8, sannan a rubuta jimla mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a duba ta a waya.

Ta fannin tsaro, ya kamata adireshin shafi ya fara da https. Wannan yana nuna cewa abin da ke wucewa tsakanin waya da uwar garke a kulle yake, wani ba zai karanta shi a hanya ba. Tun shekara ta 2015 wata cibiya mai suna Let's Encrypt take ba da shaidar wannan kulli kyauta, kuma kamfanoni da yawa suna haɗa ta cikin haya ba da ƙarin kuɗi ba.

In shafi yana karɓar sunayen mutane, lambobin waya ko hotunansu, to amana ce a wuyan ƙungiya. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na mutane a shekara ta 2017, akwai kuma hukumar da ke kula da wannan aiki, mai suna HAPDP. Ya dace a nemi bayani a wurinta kafin a fara tara irin waɗannan bayanai, balle in za a ajiye su a wata ƙasa.

9. Batun kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Farashin da ake nunawa da manyan lambobi sau da yawa na shekarar farko ne kawai, na sabuntawa yakan fi shi. A tambayi kuɗin shekara ta biyu, a kuma tambaya ko haraji, kwafin ajiya da akwatin wasiƙa suna ciki.

In da kuɗin waje za a biya, a yi lissafi da sefa. Yuro 1 daidai yake da sefa 655,957, watau kusan 656, kuma wannan canji a tsaye yake. Hayar yuro 10 a wata kenan ta kama jika 6 da sefa 560, a shekara kuma kusan jika 79. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka. Kamfanonin waje galibi da katin banki ake biyansu, saboda haka a san tun farko katin wa za a yi amfani da shi da kuma ranar da zai daina aiki. A sanya kuɗin suna da na masauki cikin kasafin kowace shekara. Shafuka da yawa sun mutu ne a shekarar da tallafin mai ba da agaji ya ƙare, don ba a tanadi kuɗin sabuntawa ba.

10. Tambayoyin da za a yi kafin sa hannu

Wane irin masauki ne, kuma mutum nawa zai iya ɗauka a lokaci guda?
Mi zai faru in muka wuce iyakar da aka ba mu: rufewa, rage gudu ko ƙarin kuɗi?
A wace ƙasa na'urar take?
Sau nawa ake yin kwafi, ina ake ajiye shi, kuma za mu iya sauke namu?
In matsala ta taso da dare ko ranar hutu, wa za mu kira, kuma da wane harshe zai amsa?
Wa ke da alhakin sabunta manhaja da toshe kafofin ɓarayi?
Nawa ne kuɗin sabuntawa?
In muna son tashi, yaya za mu karɓi kayanmu da sunanmu?

Kafin a biya, a aika wa kamfani tambaya guda a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa. A kuma tuntuɓi wata ƙungiya da ta riga ta yi shekara a wurinsa.

Bayan an sa hannu, a rubuta a littafin ƙungiya sunan kamfani, ranar sabunta suna, ranar sabunta masauki da adadin kuɗi. Kalmomin sirri su kasance a hannun mutum biyu da babban taro ya amince da su, a canza su duk lokacin da ɗayansu ya bar aiki. Sau ɗaya a shekara, a babban taro, magatakarda ya karanta wa membobi waɗannan ranaku, ya kuma nuna musu inda kwafin shafin yake ajiye.